Makomar Gida Bayan Saki: Matakan da Ake Bi Daga Ranar Farko Zuwa Canjin Takarda

Tambayoyi biyu ne suka fi yawan zuwa daga waɗanda aurensu ya mutu, ko daga iyayensu da 'yan'uwansu: wa zai ci gaba da zama a gidan, kuma gidan na wane ne? Yawanci ana kawo su a dunƙule cikin ɓacin rai, shi ya sa amsar take rikicewa. Abubuwa uku ne, kowanne da hukuncinsa da lokacinsa: zaman mace a ɗakinta har ta gama idda, matsugunin yara bayan idda, sannan mallakar ginin da filin. Saki ba ya canja mai gida. Wanda ya mallake shi kafin saki shi ne mai shi bayan saki, wanda kuma yake da kaso a ciki kasonsa yana nan, matuƙar zai iya tabbatar da shi. Matakan da ke biye sun shafi auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci a Arewacin Najeriya, inda kotuna suke hukunci da mazhabar Malikiyya, sai ƙarin bayani a mataki na 8 domin masu auren rajista.

1. Ranar saki: kada a kwashe kaya

Abin da aka saba gani shi ne miji ya miƙa takarda, ko ya turo saƙo ta waya, kafin la'asar 'yan'uwan matar sun iso da a-kori-kura, an kwance gado, an ɗaure katifa a sama, an naɗe ledar ɗaki, kowa yana faɗar abin da zai zo ya yi nadamarsa. Wannan gaggawa ta saɓa wa umarnin Allah, kuma macen ce take fara cutuwa da ita. Aya ta 1 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana miji fitar da matar da ya saka daga ɗakinta, ta kuma hana ita matar fita, aya ta 6 kuma ta umarce shi ya zaunar da ita inda yake zaune gwargwadon halinsa.

Tsawon zaman shi ne tsawon idda: tsarki uku ga mai haila, wata uku ga wadda ba ta haila, haihuwa ga mai ciki. Idan saki ɗaya ne ko biyu, wato mai kome, muhalli da ci da sutura duk suna kan miji. Idan na uku ne ko hul'i, wato sakin da mace ta fanshi kanta, muhallin yana nan a kansa amma ciyarwa ta faɗi, sai dai in tana da ciki. Gidan haya ma haka, shi zai ci gaba da biya har iddar ta cika. Zaman yana da amfani ko ta fuskar dukiya, domin a cikinsa ne mace take samun sararin haɗa takardunta da lissafa kayanta a natse, kuma idan miji ya rasu tana cikin iddar saki mai kome tana da gadonsa, har da kasonta a cikin gidan: ɗaya bisa takwas in yana da 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in ba shi da su, kason da take rabawa da kishiyoyinta idan akwai.

Gargaɗi ga miji: canja kwaɗo, yanke wuta ko watso kaya tsakar gida ba sa ƙara maka hujja a gaban alƙali. A ƙarƙashin dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, wadda take aiki a Abuja, jihohi da dama kuma suka yi irin tata, ciki har da Kaduna a 2018, korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne. A dokar ta Abuja hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 300,000 ko duka biyun.

Gargaɗi ga mace: idan akwai duka ko barazana ga rai, kada ki zauna don kare haƙƙi. Shari'a ta yarda a tashi saboda tsoron cutarwa. Ki koma wurin waliyyinki, ki sanar da mai unguwa ko Hisba ko 'yan sanda, ki je asibiti a rubuta raunin da aka ji miki, sannan ki nemi kotu ta ɗora wa mijin kuɗin muhallin idda.

2. A rubuta irin sakin da ranarsa

Kafin a taɓa maganar gida, a san saki nawa ne, an yi shi wace rana, kuma gaban wa. Takarda mai kwanan wata da sa hannun miji da shaidu biyu maza ita ce mafi aminci. Idan da baki ya furta kuma ya ƙi rubutawa, ko yana musun adadin, sai a je kotun shari'a mafi kusa a nemi ta tabbatar da sakin ta ba da takarda. Sakin da ya zo ta waya kada a goge shi, a ɗauki hotonsa da lambar da ta turo a ajiye a wani wuri dabam.

3. A tattara takardu tun ana cikin gidan

Ga abin da ake nema: takardar cinikin fili ko gida mai sa hannun mai sayarwa da shaidu, wadda galibi mai unguwa ko dagaci ya buga wa hatimi, takardar ba da fili ta gwamnati ko ta ƙaramar hukuma, takardar mallaka ta gwamna, wadda aka fi sani da C of O, idan an yi ta, taswirar safiyo, rasit ɗin siminti, bulo, rodi, katako da kwano, bayanin asusun banki da ke nuna kuɗin da aka tura da ranarsu, littafin uwar adashe, takardar shagon da aka sayar wa gwal, takardar rabon gado, idan kuɗin daga gado suka fito, da saƙonnin waya inda aka yi maganar kuɗin. Abin da ba a hannunki yake ba ki ɗauki hotonsa. A kuma rubuta sunayen mutanen da suka san yadda aka yi ginin, kamar dillalin da ya haɗa cinikin, birkila, kafinta da mai kawo yashi, domin waɗannan su ne suka san hannun da yake miƙa musu kuɗi.

Gargaɗi: kada ɗayanku ya ɗauke takardar asali ta gidan da ba sunansa take ɗauke da shi ba don ya riƙe ta garkuwa. Riƙe takarda ba mallaka ba ne, kuma yana iya mayar da mai neman haƙƙi wanda ake tuhuma.

4. A gane wane irin gida ne

Idan na miji ne shi kaɗai, ya saya ko ya gina da kuɗinsa, to mace tana da zaman idda, bayan nan gidan nasa ne. Idan na mace ne, ta gada ko ta saya ko mahaifinta ya ba ta, miji ne zai tashi, kuma daɗewarsa a ciki ba ta ba shi ko taku ɗaya. Idan na haya ne, a duba sunan da ke kan rasit. Macen da take son ci gaba da zama da yara bayan idda ta sa a je wurin mai gidan a sabunta yarjejeniya da sunanta ko na waliyyinta, kada ta dogara da alkawarin baki na cewa tsohon miji zai riƙa biya. Idan gidan ma'aikata ne, na hukumar ne, kuma zama a ciki yana bin wanda yake aikin.

Gidan gado da ba a raba ba ya fi wahala. Sau da yawa mace takan sayar da abin hannunta a gina sashe a cikin gidan surukai, alhali filin ba na mijin ba ne shi kaɗai, na magada ne baki ɗaya. A nan abin da za ta nema shi ne kuɗinta ko ƙimar abin da ta gina, filin kuwa ba ya shiga. Haka ma gidan da ake kan biyan bashinsa, kamar rancen asusun gidaje na ƙasa da ake samu ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya: takardar tana jingine, wanda ya sa hannu shi ake bi, saki ba ya dakatar da biyan wata-wata, kuma ba a sayarwa ko canja suna sai an biya ko bankin ya amince.

5. Kuɗin da mace ta zuba a gini

Nan ne mafi yawan shari'o'in suke tsayawa ko su faɗi. Takarda tana ɗauke da sunan miji, mace kuma ta san sarƙarta da awarwaronta da kwasar adashenta suna cikin wannan gini, wataƙila ma ita ta yi rufin gaba ɗaya. Tambayar da alƙali zai yi ita ce: da wane suna kika ba da kuɗin? Amsa uku ce, kowacce da sakamakonta.

Idan kyauta ce, kin ce masa ka ƙara ka yi mana rufi, ba tare da maganar biya ba, zai yi wuya ki dawo da ita. Idan rance ne, kuɗinki za a biya ki daidai yadda kika bayar. Idan tarayya ce, wato kun yi magana cewa gidan naku ne ku biyu gwargwadon abin da kowa ya sa, to kina da kaso a cikin gidan kansa. Bambancin ba ƙarami ba ne. A ɗauka an kashe naira miliyan 10 a fili da gini, mace ta sa miliyan 3, yau kuma gidan ya kai miliyan 25. In rance ne, miliyan 3 za ta karɓa, kuɗin da a yau ba za su sayi abin da suka saya a wancan lokacin ba. In tarayya ce, kashi 30 cikin 100 nata ne, wato miliyan 7 da rabi. Saboda haka a zauna da waliyyi da masanin shari'a a tantance gaskiyar abin da aka faɗa ranar da aka miƙa kuɗin, kafin a buɗe baki a gaban kowa.

Ƙa'idar kotu ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Shaidar iyaye ga 'yarsu ko ta 'ya'ya ga mahaifiyarsu ba ta karɓuwa saboda kusanci, shi ya sa birkila da dillali suka fi amfani a nan. Idan mace ba ta da shaida ko ɗaya, abin da ya rage shi ne a ba miji Alƙur'ani ya rantse, in ya rantse da'awar ta faɗi.

Gargaɗi: kada a canja magana. Wadda ta ce rance ne a gaban mai unguwa, sannan ta ce tarayya ce a kotu, ta raunana hujjarta da bakinta. Kada kuma a faɗi magana a dunƙule, irin "ni ma na taimaka". A shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da da'awar matar da ta ce ta ba da gudummawa a ginin gida, saboda ba ta fayyace yawan abin da ta bayar ba. A faɗi nawa ne, yaushe, a hannun wa, aka sayi me.

Akwai kuma maganar "na ba ki gidan nan", wadda maza da yawa suke furtawa lokacin daɗi. A Malikiyya kyauta tana hawa kan mai ita da furuci, kuma idan akwai shaidu ana iya tilasta masa ya miƙa. Amma cikarta sai da hauzi, wato abin ya koma hannun wanda aka ba, kuma malamai sun bayyana cewa mijin da ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki, ya ci gaba da zamansa, bai fitar da shi daga hannunsa ba. Idan ya rasu ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin hauzi, kyautar ta rushe. Wadda take da irin wannan alkawari ta nemi a rubuta, a miƙa mata makulli da takarda tun yana raye.

Shekarun da mace ta yi tana dafa wa leburori abinci, tana tattalin cefane don a samu na siminti, ba sa zama kaso a takarda, kuma wannan yana da ciwo. Shari'a ta buɗe wa miji ƙofar gyara shi ta hanyar mut'a, kyautar rabuwa da aya ta 241 a Suratul Baƙara ta ambata. Malikiyya suna ɗaukar ta mustahabbi, don haka alƙali ba ya tilastawa, amma a ganina mutumin da ya san matarsa ta yi shekara ashirin tana gina gidan nan tare da shi, kuma yana da hali, bai kamata ya bar ta ta fita da kwanuka kawai ba. Kuɗin hayar shekara biyu ko ƙaramin fili ba za su karya shi ba.

6. Kayan ɗaki

Sadaki, lefe, kayan jere da iyayenta suka yi mata da duk abin da ta saya da kuɗinta nata ne. A rubuta jerin kayan, wakilin kowane ɓangare ya duba ya sa hannu, sannan a ɗauka. Inda aka yi jayayya babu shaida, abin da aka san na mata ne a al'ada ana bar wa mace da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa ana bar wa miji da rantsuwarsa. Firji, janareta, talabijin da batirin sola su ne aka fi faɗa a kansu, don haka rasit ɗinsu ya zo kusa.

7. Inda yara za su zauna

Renon yara haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare kuma ta tare, renon yana komawa ga mahaifiyarta, sannan 'yan'uwanta mata, kafin a zo ɓangaren uba. Ci da sutura da muhallin yara suna kan uba, alƙali ne kuma yake ƙiyasta kason kuɗin muhallin da zai biya gwargwadon samunsa. Wannan ba ya mayar da gidan uban na uwar, ba ya kuma ba ta ikon zama a ciki bayan idda sai da yardarsa. Iyalai da yawa suna daidaitawa a bar uwa da yara a gidan, uban ya koma wani wuri, ko a ja katanga a fitar mata da ƙofarta dabam, tunda bayan idda ba muharraman juna ba ne. Tsari ne mai kyau domin yara ba sa barin makarantarsu da islamiyyarsu, amma a rubuta shi: zama ne na aro ko kyauta ce ga yaran, har zuwa yaushe, wa zai yi gyara, kuma me zai faru idan ta yi aure.

Gargaɗi: kada mace ta sarayar da renon 'ya'yanta ko kuɗinta na gini don kawai a ba ta takardar saki. Duk abin da aka sa a yarjejeniyar hul'i a karanta shi a gaban waliyyi kafin sa hannu.

8. Sulhu, sannan kotu

A fara da waliyyai da dattawan ɓangarorin biyu, in ya gagara a je wurin mai unguwa, limami ko ofishin Hisba a jihohin da take aiki. Sulhu ya fi sauri da arha, amma wanda ba a rubuta ba yakan warware kafin shekara. Takardar ta ƙunshi adireshin gida da iyakokinsa, adadin kuɗi da lambobi da kalmomi, ranakun biya, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Sannan a kai ta kotu a mayar da ita hukunci, domin masu sulhu ba su da ikon tilasta biya, kotu ce take da shi.

Idan sulhu ya ƙi, maganar idda, ciyarwa, reno, kayan ɗaki, kyauta da bashi tana zuwa kotun shari'a, ko kotun yanki a wuraren da ake amfani da ita kamar Abuja. Amma jayayya kan ainihin mallakar fili mai takardar gwamna hurumin Babbar Kotun jiha ne, bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi yana iya cinye shekaru a rushe hukuncin a sama. A tambayi lauya wannan tun farko. Kuɗin da za a tanada sun haɗa da na shigar da ƙara, na kai sammaci, na motar zuwa ganin gida, na ƙwararren mai ƙiyasta ƙimar gini, na kwafin hukunci da na lauya. A karɓi rasit ɗin gwamnati kan duk abin da aka biya a rajista. Marasa hali su nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wanda bai gamsu da hukuncin kotun shari'a ko kotun yanki ba yawanci kwana 30 yake da su na ɗaukaka ƙara.

Masu auren rajista kuwa Babbar Kotu kaɗai take raba aurensu, kuma sashe na 72 na dokar shari'o'in aure ta 1970 ya ba alƙali ikon tsara rabon dukiya yadda ya ga adalci, har da la'akari da yara. Dole a nemi wannan a cikin takardar ƙarar tun farko, kuma a can ma hujjar gudummawa ake tambaya.

Gargaɗi: idan ana tsoron a sayar da gidan a ɓoye, rubuta "ba na sayarwa ba ne" da fenti a jikin katanga ba ya hana komai. A nemi umarnin kotu na dakatar da ciniki, a kai kwafinsa ofishin filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a kuma sanar da mai unguwa a rubuce.

9. Biya, sayarwa da canjin suna

Idan an tabbatar da tarayya, hanya uku ce: ɗaya ya sayi kason ɗaya, a raba gidan in yana rabuwa, ko a sayar a raba kuɗin. Kowane ɓangare ya kawo mai ƙiyasinsa, ko a yarda da wanda kotu ta naɗa, kada a tsaya kan farashin dillalin da ɗayanku ya kawo. Abokin tarayya shi ya fi kowa cancantar saye, kuma idan ɗaya ya sayar wa bare da kasonsa, ɗayan yana da haƙƙin shuf'a, wato ikon karɓar kason daga hannun baren a kan kuɗin da ya saya, wanda yake faɗuwa idan yana gari ya sani ya yi shiru har shekara. A cire la'adar dillali, ragowar bashin banki, bashin wuta da na harajin fili kafin rabo, a biya ta banki ko ta hannun kotu, kada a yi hannu da hannu.

Wanda gidan ya koma hannunsa bai gama ba sai an canja takarda. Lauya zai rubuta takardar miƙa mallaka, a biya harajin hatimi, a nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar 1978 ya tanada, ko ta ƙaramar hukuma idan takardar tata ce, sannan a yi rajista a ofishin filaye. Idan an mallaka wa yara ƙanana gidan, a rubuta sunan kowannensu da na wanda zai kula da shi har su girma, a kuma fayyace ko rabon daidai ne tsakanin maza da mata, domin kyauta ba gado ba ce. Daga nan a canja sunan da ke kan mitar wuta da takardar ruwa, kowane ɓangare kuma ya karɓi kwafin hukunci mai hatimin kotu, a bar wani kwafin a hannun waliyyi.